Barcin Bayan Asuba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya raba dare da yini, ya ba kowannensu aikinsa. Abin da zan faɗa ya faru ne a gidana, a unguwar Wuro Hausa ta Yola, cikin bazarar da matata ta yi jinyarta ta ƙarshe. Na daɗe ina juya shi a raina ban gaya wa kowa ba, domin ba labari ba ne da mutum yake fitowa da kyau a cikinsa.

Ɗinkin hula da aikin wuyan riga nake yi, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Boko ban yi nisa ba. In zan rubuta abu, da Ajami nake rubutawa. Matata kuwa kunun gyaɗa take damawa na sayarwa, fiye da shekara talatin, kuma duk unguwa sun san ƙofarmu da wannan kunu. 'Ya ɗaya Allah ya raya mana. Tana aure a Demsawo, tana aiki a wani ofishi a Jimeta.

Ciwon ya fara da ɗan ƙulli a mamanta na hagu. Ta ɓoye shi ya daɗe, saboda kunya, kuma saboda ba ya yi mata zafi. Ranar da muka kai ta asibiti, aka yi hotuna, aka yanki ɗan nama aka aika gwaji, sai likita ya kira ni da 'yarmu gefe. Saurayi ne, mai magana a hankali. Ya ce sankara ce, kuma ta riga ta bar mama ta kama ƙashin baya.

"Baba, cirewa ba za ta yiwu ba yanzu," in ji shi. "Amma za mu iya rage mata gudu, mu rage wa Mama wahala."

Ni da 'yata muka yi shawara a bakin ƙofar asibiti cewa ba za mu gaya mata ya bazu ba. Haka ake yi a wajenmu. Ba a ɗora wa mara lafiya nauyin sanin abin da ba zai iya canzawa ba.

Likitan ya ce in riƙa lura da lokutan da ciwo yake tashi, da lokacin zazzaɓi, da cin abincinta, da barcinta, don ya san yadda zai tsara mata magani. Na samo littafi irin na 'yan makaranta na fara rubutawa. Ban saba da ƙarfe kaza ba, sai na raba yinin da lokutan salla. Cikin mako biyu na ga abin da ya ba ni mamaki: ashe ciwo ma yana da tsarinsa, kamar mai zuwa kasuwa. Da hantsi yana lafawa. Bayan La'asar sai ya fara motsi a bayanta. Da Magariba jikinta ya ɗauki zafi. Daga Isha'i kuwa babu zaman lafiya. Juyi ne da nishi, ga zafin Yola na bazara wanda bango yake riƙewa ya mayar wa mutum da dare, ga wuta ba ta zama. Sai dab da kiran salla zafin jikin ya sauka, gumi ya karyo mata. Ta yi sallar Asuba a zaune, iska mai ɗan sanyi ta taso daga wajen kogi, sai ta kwanta ta yi barci.

Wannan barcin shi ne duk abin da take da shi. Daga Asuba zuwa hantsi. In na leƙa sai in ga fuskarta ta saki, goshinta ya kwance, hannunta ɗaya ƙarƙashin kunci kamar ƙaramar yarinya. In ta tashi takan sha kunu rabin kofi, har ta tambayi labarin maƙwabta.

To ni an rene ni da ƙin barcin bayan Asuba. Mahaifina da buta yake zagaya ɗakunanmu, wanda ya tarar ya koma shimfiɗa ya yayyafa masa ruwa. Lokaci ne na lazimi da karatu, lokacin da albarkar yini take sauka, mai barci kuwa sai ta wuce shi. Haka na tashi, haka na reni 'yata. Ita kanta matata, duk zamanmu ban taɓa ganin ta kwance a wannan lokaci ba, tana bakin murhu. Da ciwo ya zo na yi shiru, domin na san mara lafiya yana da rangwame. Amma gaskiya abin yana ɗan sosa mini rai duk safiya.

Wata Asabar 'yarmu ta zo da miyar kifi a kwano. Uwar, wadda take kira Dada, tana ɗaki, mu muna zaune a inuwar mangwaro. Ta ciro wayarta, ta rage murya.

"Baba, ka ji abin da na karanta jiya? Wai likitoci a waje sun duba jinin mata masu irin ciwon Dada. 'Ya'yan ciwon nan, ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda suke ɓallewa su bi jini su je su kama wani wuri, wai sun fi fitowa lokacin da mutum yake barci. In yana farke sai su lafa."

"Kamar ɓeraye ke nan," na ce.

"Kusan haka."

"Su waye suka faɗa?"

"Likitoci ne dai, Baba. Da Turanci ne, dogon bayani, ban gane duka ba." Ta ajiye wayar, ta share ido da bakin gyale. "Allah dai ya ba ta sauƙi."

Daga nan ta tashi ta je ɗumama miya. Dole in yi mata adalci: ba ta ce a hana uwarta barci ba. Ba ta ma yi kusa da faɗin haka ba. Ni ne na zauna bayan ta tafi, na buɗe littafina, na haɗa wannan da wancan. Da dare ba ta barci, wannan a rubuce yake. Barcinta ɗaya ne. In har ciwon yana jiran barci ya yi tafiya, to ƙofa ɗaya yake da ita a gidana, kuma na san lokacin da take buɗewa. Lokacin kuwa shi ne wanda tun ina yaro aka hore ni a kansa. Allah ya gafarta mini, har daɗi na ji. Na ce a raina, ga shi masu na'urori sun sha wahala sun iso inda iyayenmu suka daɗe a tsaye.

Ban tambayi likita ba. Ranar komawarmu saura kusan wata guda, kuma ban ga abin tambaya ba.

Washegari da na dawo daga masallaci na tarar ta riga ta kwanta. Na tsaya a ƙofa na yi gyaran murya. Ba ta motsa ba. Na matsa na taɓa ƙafarta.

"Hajiya, tashi mu fita waje. Iskar safe magani ce."

Ta buɗe ido ɗaya. "Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Lazimi za mu yi tare."

"Shekara talatin ina riga zakara tashi. Ladan bai isa ba?"

"Lada ba ya isa."

"To zakaran ma ai ya koma," in ji ta, amma ta miƙo mini hannu.

Ba zan iya gaya mata dalilin gaskiya ba, domin in na ce ciwon yana tafiya, na tona abin da muka rufe. Sai na ba ta dalilin da ba za ta iya musu da shi ba. Mace mai tsoron Allah ce, na kuwa san haka.

Na ajiye mata kujerar roba ƙarƙashin mangwaro, na sa matashi a bayanta. Na dafa shayi da citta da kanumfari mai yawa. Muka ja carbi. Na ɗauko tsofaffin takardun waƙoƙin wa'azi na mahaifina ina rera mata. Da suka ƙare na koma labarai: zamanin da muke ƙetare Binuwai da kwalekwale, da tsohon da ke sayar da gishiri a kasuwar Yola wanda ba ya taɓa yarda an ci shi gardama. Ni mai labari ne, Allah ya ba ni wannan, kuma da can takan ce labarina ne ya sa ta aure ni, ba hula ba. In na ga kanta ya fara sunkuyawa sai in ɗaga murya, ko in jefa mata tambaya. In bai yi ba, in jiƙa tsumma in shafa mata a fuska. Haka har rana ta hau katanga, zafi ya sauko. Daga nan ko na bar ta, barci ba ya zuwa. Sai in mayar da ita ɗaki, in buɗe littafi in rubuta: yau ba ta yi barci ba, alhamdu lillahi.

Na rubuta wannan kalma ta godiya kullum, da hannuna.

Mako na farko tana yi mini ba'a. "Ga dogarin asuba ya iso," takan ce in ta ji takuna. Mako na biyu ba'ar ta ƙare. Kunun da take shan rabin kofi ta daina sha. Ta fara rikicewa a salla, ta tambaye ni raka'a nawa ta yi. Ciwon da yake jiran La'asar ya fara zuwa tun Azahar. Ta yi wa 'yarmu tsawa a kan murfin kwano, abin da ba halinta ba, sannan ta fashe da kuka. Na ga duk wannan, na rubuta shi ma. Amma fassarar da na yi masa ita ce ciwo ne yake fushi don an tare masa hanya. Sai na ƙara ƙaimi. Ta fara satar ɗan gyangyaɗi bayan Azahar. Shi ma na ajiye ɗinkina na zauna kusa da ita na tsare shi.

Wata safiya, wadda ba ta barin raina, na taɓa ƙafarta ba ta miƙo hannu ba. Ta yi magana fuskarta na kallon bango.

"Malam, ka bar mini na yau kaɗai."

"Daure, Hajiya."

"Na yau kaɗai. Gobe da kaina zan fito, wallahi. Ban taɓa roƙonka zane ba, ban taɓa roƙonka ɗan kunne ba."

"Don ke nake yi."

"To ka yi don Allah, ka bar ni."

Na tsaya. Na ji tausayi ya taso mini, amma na ɗauke shi a matsayin rauni, irin wanda yake hana uba riƙe ɗansa a yi masa allura. Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta na ɗaga ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ranar ba ta ja carbi ba, ba ta sha shayi ba. Ta zauna tana kallon ƙasa, ni kuma ina ba ta labari.

Ranar komawa asibiti muka ɗauki keke mai ƙafa uku zuwa Jimeta. Aka ɗebi jininta, aka ce mu jira sakamako kafin a sa mata ruwan magani. Muka zauna a benci cikin baranda, mutane na wucewa, ana tura gadaje, wani yaro na tsala ihu. Cikin wannan hayaniyar ta jingina kai da bango, bakinta ya ɗan buɗe, ta tafi. Na kai hannu zan girgiza ta, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

Wata nas ce, dattijuwa, Kirista daga kudancin jihar nan, wadda ta saba da mu tun zuwanmu na farko. Hausarta irin ta Jimeta ce, ba ruwanta da namiji da mace.

"Baba, me ya yi maka? Bar shi ya kwana mana."

"Ba a so ta yi barci," na ce.

"Wa ya ce? Wane likita?"

Na yi mata bayani a hankali, har da ɗan alfahari. Na ciro littafin na nuna mata. Ta juya shi sama da ƙasa ta mayar mini.

"Ni ban iya wannan rubutu ba. Karanta mini."

Na karanta mata shafi ɗaya, na shiga na biyu. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Yesu! Kwana nawa?"

"Ya kusa wata."

"Wata! Baba, kai da furfura? Ko ɗan fursuna ana barinsa ya rufe ido. Zauna nan, kar ka taɓa shi. In ka taɓa shi ni da kai ne."

Ta dawo da likita. Bai kai ni ofis ba, nan ya tsuguna a gabana, ya ce in sake faɗa. Da na gama ya dube ni.

"Baba, maganar da 'yarka ta karanta, akwai ta. Ni ma na ji. Jiki yana da nasa agogo. Akwai abubuwan da yake saki cikin jini da dare, akwai na rana, kuma da alama ciwon yana bin wannan agogo. Masu binciken suna neman sanin lokacin da ya fi dacewa a ɗebi jini, ko wataƙila a ba da magani. Har yanzu nema suke yi. Babu wanda ya ce a hana mara lafiya barci. Babu wanda ya ce in an hana, ciwon zai tsaya. Ciwon ya riga ya kai ƙashin bayanta tun kafin ku zo wurinmu, na gaya maka. Barci ne ƙarfin da ya rage mata."

"Na ƙara mata ciwon ke nan?"

"Ban sani ba. Ba wanda zai iya gaya maka wannan. Abin da na sani, ka hana ta hutawa."

Ranar ba a sa mata ruwan ba. Aka ce jikinta bai da ƙarfin ɗauka, mu dawo bayan mako biyu. Likitan ya ce hakan yana faruwa ko da mutum yana barci lafiya, kada in ɗora wa kaina. Na gode masa. Ban yarda ba, ban kuma ƙaryata ba.

A keke muna komawa Yola, mun bar cunkoson Jimeta, hanya ta miƙe, sai ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Ashe ya kai baya."

Na juyo gare ta. "Kin ji?"

"Ihun matar nan ko gawa ya tayar. Amma ba yau na sani ba, Malam. Bayan nawa ne. Tun kafin a yi hoto ya gaya mini." Ta gyara mayafinta. "Abin da ban sani ba shi ne me na yi maka. Kullum ina kwance ina lissafi, ina cewa ko wani laifi ne na da can kake ramawa."

"Subhanallahi, Hajiya."

"Da ka tambaye ni. Da ka ce, ga abin da aka ce, me kika gani? Da na ce maka in ma gaskiya ne, a bar ni in yi barcina ya tafi inda zai tafi. Jikina ne. Amma ka zo mini da carbi."

Mai keke ya ƙara sautin rediyonsa, ina jin don ya rufa mana asiri. Haka muka iso gida.

Washegari na dawo daga masallaci na cire takalmi tun daga zaure. Na ɗaure bakin ƙofa da tsumma don kada ta yi ƙara. Na zauna a tsakar gida ban kunna murhu ba. Da rana ta ɗan ɗaga na leƙa ta taga. Tana kwance, idonta biyu a buɗe, tana kallon rufi.

"Yi barcinki," na ce a hankali. "Ba mai tashinki."

"Ina nema," in ji ta.

Haka gobe, haka jibi. Da zarar an sallame salla sai jikinta ya ɗaure, kunnenta ya koma ƙofa, ko da ta san ba zan shigo ba. Na gwada daɗewa a masallaci har hantsi. Na gwada kwana a zaure. 'Yarmu ta ɗauki hutu ta dawo gida, ta sayo fanka mai caji, ta riƙa shafa mata ƙafa da man zaitun. Wani lokaci ta ɗan tafi kamar na shan ruwa, sai ta zabura ta ce, "Na'am, ga ni nan." Abin da na koya wa jikinta cikin wata guda, na kasa kwance shi.

Ni da 'yata ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Sau ɗaya ta fara, "Baba, da ban nuna maka wayar nan ba," na ce mata ta yi shiru, ba ita ta ɗaga uwarta daga shimfiɗa ba.

Daga baya ciwon ya yi ƙarfi, likita ya rubuta magani mai nauyi. Shi yana kwantar da ita awa da awa. Na yi murna, na ce ga barci ya dawo. Da ta farka na tambaye ta ko ta huta.

"Wannan ba barci ba ne," ta ce. "Rijiya ce ake jefa ni, a ciro ni."

Wata la'asar, hadari ya fara haɗuwa a gabas karo na farko a shekarar, na zauna bakin gadonta na nemi gafararta, kamar yadda ya kamata tsakanin miji da mata in an ga alamu. Na ambaci abin da sunansa, ban kewaya ba.

"Na yafe, Malam," in ji ta, da sauri, kamar mai sallamar ɗan aike. "Ni ma ka yafe mini. Ja mini ƙofar."

Na ja mata ƙofar. Bayan kwana tara ta rasu, da hantsi, 'yarmu na riƙe da hannunta. Allah ya jiƙanta, ya sa kabarinta ya zama wurin hutu.

A zaman makoki mutane suka cika ƙofar gida. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda katangarsa ta haɗu da tamu, ya riƙe hannuna ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Jama'a, ni shaida ne. Kullum da sassafe ina jin muryar bawan Allahn nan ta bayan katanga, yana yi wa iyalinsa karatu, yana ba ta labari, har rana ta fito. Na ce wa 'ya'yana su koya. Mazan yanzu wa zai yi haka? Allah ya saka maka, Malam."

Mutane suka ce amin. 'Yata tana daga cikin zaure tana miƙo ruwa. Na ga ta tsaya da kofin a hannu. Dattijon bai saki hannuna ba, yana jira. Na ce amin.